Ƙafar Baba Tela

Tun kafin Auta ta gama warware bandejin ta san an taɓa ciwon. Shekararta goma sha ɗaya tana wankin ciwo a ɗakin maza na asibitin, ta san ɗaurinta, wannan kuwa naɗi ne kawai aka yi, aka cusa bakin bandejin ciki kamar mai ɗaura zani. Da ta ɗaga audugar ƙarshe wani ɗoyi ya buso, ya ratsa takunkumin da ke hancinta har maƙogwaro. Ta kau da kai.

Ƙafar Baba Tela ce. Ciwon sukari gare shi, ya taka ƙusa a shagonsa, makonsa shida ke nan a gado na huɗu. Ranar Juma'a ta bar ciwon ya yi ja, sabon nama yana tasowa, har likita ya ce in aka ɗore a haka tsohon zai koma kan keken ɗinkinsa da ƙafarsa. Yau Litinin ga shi ya yi kore-kore, mugunya tana tsattsafowa, yatsu biyu sun soma baƙi. A gefen ciwon kuma wani maiƙo yana sheƙi, mai ƙamshin turare, wanda ba ya cikin kayan aikinta.

"Baba, wa ya buɗe maka ƙafa?"

Tsohon ya dubi silin. "Addu'a aka yi mini."

Ai ba sai an faɗa mata ba, ta san ƙamshin. Aikin yayanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, bakanike, wanda 'yan cocinsu ke kira Mai Bishara. Duk Asabar da rana yakan zo da mutum uku, su bi gado-gado suna waƙa, suna ba da labarin Yesu ga wanda ya yarda ya ji. Ita ce ma ta roƙa musu izini wurin shugabar masu jinya, da bakinta ta ce ta tsaya musu. Sharaɗi ɗaya aka ba su, kada su taɓa komai. Yaya kuwa yana da wata 'yar kwalbar mai a aljihun gaba, yakan toshe bakinta da babban yatsa ya jijjiga, ya shafa wa mara lafiya a goshi, ya wuce na gaba. Goshi ta sani. Ashe an gangaro ƙafa.

Abin da ya ƙara tayar mata da zuciya, jiya-jiyan nan tana zaune a coci Yaya ya miƙe ya ba da shaida, wai akwai wani tela da likitoci suka gaza a kansa, ya ɗora masa hannu, ya ji zafin ya fita. Aka yi ta tafi. Ita ma ta tafa, Allah ya yafe mata.

Likita ya zo ya duba, ya ja dogon tsaki, ya canja magani. Ya ce in baƙin ya wuce yatsu kafin Laraba, to sai wuƙa. Auta tana tashi daga aiki ba ta biya gida ba, ta wuce gareji. Ta tarar da Yaya rabin jikinsa a ƙarƙashin wata tsohuwar mota, yana rera waƙar coci. Ya fito yana murmushi, yana goge hannu da wani tsumman da ko kare ba zai kwanta a kai ba.

"Autar Mama, yau ke ce a wurinmu?"

"Yaya, ba ni kwalbar."

Ya ba ta. Ta ɗaga ta a rana. Man ya yi dilu-dilu, wani abu fari-fari ya kwanta a gindi, ga ɗan gashi yana yawo. Ta dubi farcen babban yatsansa, baƙi ƙirin.

"Yaushe rabonka da wanke wannan?"

"Ba a wankewa. In ya yi ƙasa sai in ƙara sabo a kai, don albarkar na farko ta bi na baya. Shekara uku ke nan."

"Ranar Asabar daga wane gado ka fara?"

"Na biyu, wanda aka ja wa labule. Bawan Allah, kowa yana gudunsa. Na shafa masa a gyambon nasa."

Auta ta nemi wata taya ta zauna. An ja wa na biyu labule ne saboda ƙwayar cutar da ke gyambonsa ba ta jin magani. Ita kanta sai ta canja safar hannu da riga kafin ta taɓa wani bayansa. Shi kuwa Yaya ya tsoma yatsa a can, ya mayar bakin kwalba, ya taka taki biyu ya dangwala wa mai ciwon sukari.

Ta faɗa masa, ba ta rage komai ba. Da fari ya cije. Ya ce man da aka yi wa addu'a wace cuta ce za ta zauna a ciki, ya jawo aya ɗaya, ya jawo ta biyu, ya ce ita da ya goya a bayansa ce za ta koya masa bangaskiya.

"Yaya, Ubangijin da kake kira shi ya yi man, shi ya ba mu hankalin yin sabulu. Ban ce ka daina addu'a ba, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Amma mutumin nan da ƙafa yake ci, kai kuma ka tsaya gaban ikilisiya ka ce ya warke, ko komawa ka duba ba ka yi ba. Tafi kake so ko lafiyarsa?"

Ta shirya wa hayaniya, don Yaya in ya hau ba ya saukowa. Sai ya tsura wa yatsan ido. Can ya ce, "Ban koma ba. Gaskiyarki." Ya tambaye ta ko akwai abin da zai iya yi. Ta ce babu, sai dai ya nisanci ɗakin. Ya ce ran Lahadi zai miƙe a inda ya miƙe ya janye shaidar. Ko kaɗan bai burge ta ba, wannan ihu ne bayan hari.

Talata baƙin ya ci tafin ƙafa. Auta ta wanke, ta yanke mataccen nama, ta fita baranda ta tofar da yawu har sau uku. Ta yi addu'a ita ma, a tsaye gaban famfo, tana cuɗa hannu. Laraba da safe aka tura Baba Tela ɗakin tiyata, aka dawo da shi zanen gadon ya kwanta shafal daga gwiwar dama zuwa ƙasa.

Ranar Juma'a Yaya ya zo lokacin ganin marasa lafiya, ya roƙe ta ta bar shi ya nemi gafarar tsohon. Ya yanke farce har ya ji wa kansa ciwo. Ta tsare shi a famfo ya wanke hannu sau biyu, sannan ta biyo shi da keken kayan wankin ciwo, don ta ji da kunnenta kada ya yi kwana. Bai yi ba. Ya durƙusa a gaban gadon ya ce, "Baba, ni na jawo maka. Hannuna da man nan su suka ɗauko cuta daga wani gado suka sa maka. Na kuma je na ce ka warke. Ka yafe mini."

Tsohon ya dube shi. Ya rame, leɓɓansa sun bushe.

"Ni na ce ka buɗe," in ji shi. "Ba don na yarda da manka ba. Mako shida ina kwance, 'ya'yana daga bakin ƙofa suke gaishe ni. Duk wanda ya zo kan ƙafar nan sai ya ɗauke numfashi ya juya fuska. Kai kaɗai ka tambaye ni inda ke ciwo kana kallona. Na so a taɓa ni kamar mutum, shi ke nan." Ya numfasa. "Yafiya kuma ka ba ni lokaci, ƙafa ce ba hula ba. In addu'a za ka yi, yi, amma ka mai da hannunka baya."

Yaya ya mai da hannuwansa baya, ya soma addu'a. Auta ta ji kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa. Ta jawo keken kusa, ta ɗauki safar hannu, ta kasa zura yatsunta.

Baba Tela ya juyo ya dube ta. "'Yata, zo ki yi aikinki. Yau ba sai kin kau da kai ba, abin da ke warin an yanke shi."