Ranar da Clarence Ya Sa Kwat

"Baba, don girman Allah ka cire kwat ɗin nan," in ji Renita daga bakin ƙofa.

Clarence bai ko waiwayo ba. Yana gaban madubi yana kokawa da maɓalli da hannunsa ɗaya mai lafiya, ya zuba turare har gidan ya ɗauka.

"Ba ke kika ce mace za ta zo ganina ba?"

"Ma'aikaciyar ofishin tallafi ce! Zuwa za ta yi ta ga ba ka da lafiya."

"Wa ya ce ba ni da lafiya?"

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya buge shi bara, Renita ta kwaso shi ta dawo da shi ɗan gidan hayar da take zaune da 'ya'yanta mata biyu a Toledo. Tallafin da suke ci da shi yana da sharaɗi: kullum sai ta tafi wani sito a bayan gari ta yini tana ware gwanjo, in ta yi fashi a yanke. Jikinta na sito, hankalinta na gida. Rannan ta dawo ta tsince shi a tashar bas da silifas cikin ƙanƙara, wai zai tafi aiki masana'antar gilashin da aka rufe tun tana 'yar makaranta. Ana ɗauke wa mai jinya sharaɗin fita aiki, likita ma ya sa hannu. Abin da ya rage, ma'aikaciya ta zo ta gani da idonta.

Jiya har gwaji suka yi. Zai kwanta a doguwar kujera da bargo, ko me aka tambaye shi ya ce jiri. Ya yi nishi mai kyau, yaran suka tafa masa.

Aka danna ƙararrawa. Kafin Renita ta motsa, tsohon ya jefar da sandarsa bayan labule, ya ja ƙafa ya buɗe ƙofa. Ma'aikaciyar ce, Misis Okonski, wata 'yar guntuwar mata mai furfura, ƙanƙara duk ta ɓata mata takalmi. Clarence ya rusuna ya sumbaci hannunta.

"Ashe gwamnati ta fara ɗaukar 'yan mata aiki ba a gaya mini ba!"

"Kai, Mista Clarence, za ka sa in rasa aikina," in ji ta tana dariya.

Ta zauna ta fara tambaya. Wanka fa, wa yake yi masa? Da kansa, in ji shi. Matakala? Bibbiyu yake hawa. Magani? Wane magani, shi da ko mura tsoronsa take ji. Renita ta tsaya a bayansa tana kaɗa hannu, tana girgiza kai, tana nuna maƙogwaronta kamar mai shirin yanka. Matar ko kallonta ba ta yi ba.

Sai ya kunna rediyo. Aka yi rashin sa'a wani tsohon kiɗan samartakarsa ake sawa. Ya miƙa wa baƙuwa hannu, ita kuwa ta ajiye jakarta ta tashi. Renita ta ga ubanta, wanda ita ke ɗaga shi daga gado kowace safiya, yana juya ma'aikaciyar gwamnati a tsakar falo, ƙafa ɗaya na rawa ɗaya na bin baya. Shi ke nan, ta ce a ranta, gwanjo har tsufa. Sai dariya ta kama ta, irin wadda ba ta jin magana. Ta faɗa banɗaki ta cusa tawul a baki, hawaye na zuba.

Da ta fito, ya shige kicin wai shi zai haɗa wa baƙuwarsa kofi. Ya dawo da kofi biyu a faranti suna ƙarar haɗuwa da juna. Misis Okonski ta kurɓa. Ruwan famfo ne mai sanyi da gishiri. Ta haɗiye, ta ce ya yi daɗi. Can ta ɗaga hanci ta jiyo warin gas, ta tashi ba gaggawa ta shiga kicin. Renita ta ji an murɗa makunnin gas, an buɗe taga.

"Bernice," in ji Clarence yana duban Renita, "yanko wa baƙuwa burodin masarar nan mana. Ni zan makara wurin aiki."

Bernice uwar Renita ce, ta daɗe a ƙasa. Renita ta je ta yanko.

A bakin ƙofa Misis Okonski ta ɗaura gyalenta ta ce, ƙasa-ƙasa, "Nawa uban tsallen igiya ya yi wa likita. Daga Litinin ba sai kin je sito ba. Ki cire makunnin gas ɗin nan ki ɓoye."

Renita ta jira motar ta sha kwana, sannan ta ƙwala ihu. Ta diro daga matakala, santsi ya kwashe ta, ta zauna daɓas cikin ƙanƙara tana harba ƙafafu. Maƙwabciyarta Charmaine ta leƙo ta taga da abin naɗe gashi a ka.

"Ke lafiya? Caca kika ci?"

"An sallame ni daga gwanjo!"

"To tashi, kafin su ce ke ma sai an nemo mai jinyarki!"

Ta koma ciki da gudu, bayanta sharkaf. Ta tarar da shi zube a kujera, gumi ya jiƙa wuyan rigarsa, ƙafar nan tana karkarwa ita kaɗai. Numfashi yake yi kamar wanda ya yi dako. Amma idonsa na ƙyalli.

"Na ci?"

"Ka ci, Baba."

"Ai na gaya miki. Ta ga lafiyata ƙalau, ko?" Ya kamo hannunta. A wannan karon ya san ko wace ce. "To ki tafi aikinki hankali kwance, Renita. Yarinya kamarki ba za ta ƙare a gadin tsoho ba."

Ta durƙusa tana kwance masa igiyar takalmi, ta daɗe a kan ƙulli ɗaya. Ƙafar ta kumbura, sai da ta ja da ƙarfi takalmin ya fita.

"Ai ba ka ji sauran labarin ba," ta ce. "Ƙarin girma aka yi mini. Daga Litinin a gida zan riƙa aiki."

"Ƙarin girma!" Ya buga hannun kujera. "'Yata! To me kike jira? Ƙara muryar rediyon nan."

Ta ƙara. Ya kasa tashi, don haka ta riƙe hannunsa mai lafiya, ta yi rawar su biyu ita kaɗai.