Lambar da Ke Hannun Mama Ruth

Ni dai ba na son aikin fatar tsofaffi, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Shagona na zanen tatu a unguwar Romi yake, tsakanin mai gyaran janareto da wata tela, kuma yawancin masu zuwa wurina 'yan mata ne masu son girar da ruwa ba ya wankewa, sai samari masu son zaki a ƙirji ko sunan budurwar da za ta watsar da su kafin Kirsimeti. Fatar waɗannan a cike take, kana ja tana tsayawa. Ta tsoho kuwa kamar ledar da aka sha wankewa ce: in ba ka ja ba allura ta yi ta tsalle, in ka ja da ƙarfi ta yage, in allurar ta nutse fiye da kima tawada ta bazu a ƙarƙashi, uku ta koma takwas.

Shi ya sa da Naomi ta fara zuwa min da maganar na ce mata a'a tun ba ta zauna ba. Ta zauna abinta duk da haka. Nas ce, siririya, idanunta sun faɗa irin na wadda ta manta yadda ake barci. Mahaifiyarta, Mama Ruth, ciwon mantuwa ya kama ta. Tsohuwar ma'aikaciyar masaƙa ce, kuma ko da yake an rufe masaƙar tun Naomi tana firamare, Mama takan tashi ta ɗaura zani ta ce ta makara aiki. 'Yan gida sun rataya mata kati a wuya, ta ba akuya. Sun sa mata awarwaro mai lamba, ta kyautar. Fitarta ta ƙarshe sai washegari aka tsince ta a bakin kwata, ba takalmi.

"Vicky, lambar waya kawai," in ji Naomi. "A nan cikin hannu, inda duk wanda ya riƙo ta zai gani. Ba ta da ciwon suga, na tambayi likita. Ranar da hankalinta ya dawo na yi mata bayani, ta yi dariya ta nuna min zanen ƙauye da ke kan fatar cikinta, ta ce wannan da ƙaya aka yi mata."

"Lambarki za a sa?"

Ta girgiza kai. "Ta yayana, Istifanus."

Ashe nan maganar take. Tun rasuwar babansu Naomi ce ke wanka, wanki, ciyarwa da bin unguwanni da cigiya, har wanda zai aure ta ya gaji ya kama gabansa. Yanzu ta samu aiki a wani asibiti a Jos, ranar Litinin za ta tafi. Dangi sun zauna a gaban fasto an yanke cewa Mama ta koma gidan Istifanus a Unguwar Boro. Duk wanda lambarsa ta hau hannun nan, shi za a riƙa kira har ranar da Allah ya ɗauki ran tsohuwar. Tausayinta ya kama ni, na ce su zo Asabar da safe.

Suka zo su uku. Istifanus ma'aikacin gwamnati ne, riga ta sha guga, yana juya makullin mota a yatsa, yana duban hotunan bangona kamar zai kama cuta. Mama Ruth kuwa ta gaishe ni da fara'a, ta tambaye ni ko an biya albashi.

Na wanke hannun, na manna takardar da ke fitar da lambar da shuɗin zane a kan fata, na bari ta bushe. Istifanus ya leƙo ya karanta. "Ikon Allah," ya ce. "Huɗun farko iri ɗaya ne da na Naomi." Ban kawo komai a raina ba. Gaskiya ne kuwa, don ina da lambar Naomi a wayata. A ta biyar suka rabu, tasa bakwai, tata biyu.

"Oga, sa safar hannu," na ce masa. "Hannu biyu gare ni, ɗaya na inji, ɗaya na goge tawada. Fatar Mama sai da hannu na uku."

"Ni? Ai ga nas nan."

"Kai za ka riƙa riƙe ta daga Litinin, Yaya," in ji Naomi daga bakin ƙofa. "Gara ka fara."

Na nuna masa: babban yatsa a nan, manuni a can, a buɗe su a hankali har fatar ta miƙe, ban da dannawa. Na lakato man shafawa ɗan mitsitsi na goga a kan lambar farko kaɗai. Man nan shi ke sa allura ta zame, tawada ta gogu ba tare da an dirje fata ba, amma da ya yi yawa sai ya cinye shuɗin zanen, fatar kuma ta riƙa sulɓewa daga yatsa. Na gaya masa haka da bakina, ya ce ya ji.

Inji ya fara ƙara. Mama ta ɗan zabura, sannan ta yi murmushi, wai ƙarar ta yi kama da ta wurin aikinsu. Na yi sifili, na yi ta biyu, ina tafiya kamar mai taka ƙwai. Gumi yana bin bayana. Ina gama ta huɗu sai na ji hannun ya ƙage. Mama ta ɗaga kai tana kallon ɗanta.

"Wane ne wannan?"

"Ni ne, Mama. Istifanus."

"Sake ni. Ban san ka ba. Sake ni na ce!"

Ta fizga. Allah ya taimake ni na ɗaga allurar kafin ta ja layi har gwiwar hannu. Shi kuwa maimakon ya saki sai ya damƙe, nan take inda yatsansa ya danna ya yi baƙi. Mama ta kurma ihu tana kiran ɓarawo. Mutumin ya rikice, ya cusa yatsu uku cikin kwalbar man, ya kwaso kamar zai yi wa jariri wanka, ya lafta mata a hannu yana "sorry Mama, sorry". Kafin in buɗe baki shuɗin zanen ya narke ya bi yatsunsa. Lambobi huɗun da allura ta riga ta shiga ne kawai suka rage.

"Oga, kunnenka na ado ne?" na daka masa tsawa. "Me na gaya maka yanzun nan?"

Mama tana kuka tana neman takalminta, wai za a rufe get ɗin masaƙa. Telar maƙwabciyata har ta leƙo.

Naomi ta taso daga bakin ƙofa. Ta durƙusa a gaban kujerar, ta kama wuyan hannun uwar, ta riƙa murza shi da babban yatsa tana wata waƙar coci can cikin maƙogwaro. Da gani ka san haka take yi mata kullum bayan wanka. A hankali kukan ya lafa. Ta sa safar hannu, ta karɓi auduga ta share man tas, ta ɗora yatsu biyu ta buɗe su. Fatar ta miƙe sumul, ko ni da nake cin abinci da sana'ar ban fi haka ba.

"Hannun nan na san shi," in ji Mama, ta lumshe ido.

Istifanus ya cire safarsa ya jefa a kwando. Muryarsa ta yi laushi, irin laushin da ba na so. "Kin gani ko, Naomi? Ba wai na ƙi ba ne. Ni ko sanina ba ta yi ba. In aka kira ni na je, ihu za ta yi min a titi, mutane su taru su ce satar ta zan yi. Madam, tunda huɗun farko ɗaya ne, just ƙarasa da ta Naomi."

Sai a lokacin na gane abin da ya sa ya ce ikon Allah ɗazu. Raina ya ɓaci. Abin haushin ma shi ne, maganarsa ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, kuma tsoro na gani a fuskarsa, ba mugunta ba.

"Yaya, a gaban fasto ka amsa."

"Na amsa. Amma dubi yadda ta kwanta miki. Jos ɗin nan ba gudu zai yi ba."

Na duba hannun. Gefen lambobin ya fara tashi. Fatar tsoho in ta kumbura an gama, sai a jira ta warke, makonni ke nan, kuma Litinin jibi ce. Takarda ba za ta sake mannuwa a wurin da ya sha mai ba, don haka na ɗauko biron zane.

"Ba ni da lokacin zaman dangi," na ce. "Fatar tana kumbura. Ko a faɗa min yanzu, ko Mama ta tafi gida da lambar da ba ta kiran kowa. Mece ce lamba ta biyar?"

Bakina yana ƙaiƙayi in faɗa da kaina, amma ba uwata ba ce. Ina kallon yatsun Naomi suna saki kaɗan-kaɗan, fatar tana komawa tana tattarewa. Mama ta ɗora ɗaya hannun a kan ɗankwalinta tana shafawa.

"Ja fatar, Naomi," na ce.

Ta ja numfashi, ta buɗe yatsun, fatar ta sake miƙewa.

"Bakwai," ta ce.

Ita ta faɗo sauran ɗaya bayan ɗaya, ina rubutawa, muryarta tana karyewa amma yatsunta ko gezau. Na kunna inji. Mama ta miƙa hannu ta bar shi don Naomi ce ke riƙe da shi, ba ta san me ake rubutawa ba, kuma Naomi ta san da haka. Hawaye suka fara zubo mata.

"Juya fuskarki," na ce. "Kada ya ɗiga a ciwon."

Ta juya, ba ta saki ba har na gama.

Da na goge wurin, na fara bayanin kula da shi: a wanke da ruwa mai tsabta, a shafa mai safe da yamma, kaɗan, yadda fata za ta yi sheƙi ba ta yi danƙo ba. Naomi ta karɓi kwalbar ta sa a tafin yayanta. Ta kama yatsansa ta lakato, ta rage rabi a bakin kwalbar, ta ɗora hannunta a kan nasa suka shafa tare. Mama ta noƙe.

"Ke ba za ki shafa min ba?"

"Yau shi ne, Mama."

Bayan kamar wata guda Istifanus ya kawo ta in duba. Rigar ba guga wannan karon, aljihun gaba ya yi tabon mai. Lambar ta warke tsaf, kowace a fili, har na yaba masa. Mama ta sake tambayata albashi.

"An kira ni ranar Laraba," ya ce, yana gyara mata ɗankwali. "Wani mai keke ne ya gan ta a tasha tana tare motoci. Ya riƙo hannunta ya ga lambar."

"To madalla. Masaƙar ta nufa?"

"A'a. Ce masa ta yi 'yarta take nema."

Ya durƙusa yana sa mata takalmi, ita kuwa tana kallon tsakiyar kansa kamar baƙo.

"Madam, in Naomi ta kira ki, don Allah kada ki gaya mata."