Yatsan da Na Ɗora

Wani ƙara ne ya tashe ni, kamar an ƙwanƙwasa kofin gilashi da cokali. Ya yi sau ɗaya ya yi shiru, can ya sake. Na daɗe a kwance ina tunanin ko wani ƙwaro ne da ban taɓa ji ba, har na fara raya siffarsa a raina. Da na fito falo sai na tarar sabuwar kwamfutar Auta ce a kan tebur, ita kaɗai da haskenta.

Auta 'yata ce, aikinta rubuta manhajar kwamfuta. A makon nan wurin aikinsu suka karɓi tsohuwar kwamfutarta suka goge, suka ba ta sabuwa. Aikin ofis yana can a ajiye wurinsu. Nata na kanta kuwa ta kwashe shi cikin wani ɗan akwati baƙi mai igiya, bai kai tafin hannu ba. A ciki muryar mahaifiyarta take. Shekara biyu Auta tana tsinto saƙonnin murya daga tsofaffin wayoyin marigayiya kafin su mutu, tana koya wa na'ura yin magana da muryarta. Tun da idona ya yi rauni, in an aiko mini saƙo, matata ce ke karanta mini. Har ɗan jan numfashin da take yi kafin ta fara yi mini faɗa yana nan.

Da yammar ranar, kafin ƙaran nan ya tashe ni, na zauna kusa da Auta tana shirya sabuwar kwamfutar.

"Baba, kawo yatsanka," ta ce. "In kana son kallon bidiyon kifayen nan naka masu fitila a goshi, ka buɗe da kanka, ka daina kira na."

Ta danna yatsana a wani ɗan maɓalli har na'urar ta san shi. Daga nan na lura duk bayan ɗan lokaci sai wani rubutu ya faɗo, ta ɗora yatsa ko kallo ba ta yi.

"Me take cewa?"

"Izini take nema. In buɗe wannan? In saka wancan? Ta fi sabon ma'aikaci tambaya."

"Ai ladabi ne."

"Ladabin da ya hana ni aiki! Baba, kai da za ka iya, kujera za ka ba ta."

Ta bar ta tana sabunta kanta, akwatin a jone, ta tafi ta kwanta.

To ga ni tsaye a gabanta, ba tabarau. Rubutu ya faɗo, da hoton yatsa, da wata alama ruwan ɗorawa a gefe. Ta sake yin ƙaran nan. Wallahi tausayi ta ba ni, tana ta sallama ba mai amsawa. Na je har ƙofar Auta, na ji numfashinta, na tuna kwana uku ba ta yi barcin kirki ba. Na dawo na ɗora yatsa yadda na ga tana yi. Fitilar akwatin ta yi ta ƙiftawa, wani layi ya cika, shi ke nan. Har sannu da aiki na yi mata.

Da safe ina shan shayi sai Auta ta tsaya a gaban kwamfutar.

"Baba, ka taɓa ta?"

"Ta yi ta kira ne."

"Ka san abin da ta tambaya?" Ba ta juyo ba. "Cewa ta yi ba ta gane akwatin nan ba, ko ta goge shi ta shirya shi sabo."

Na ajiye kofin. Na so ta yi ihu, ko ta gaya mini baƙa. Sai ta ce laifinta ne, ita ta bar shi a jone, ita ta koya mini ɗora yatsa ba karatu. Wannan ya fi mini zafi.

Ta kai wa mai gyara akwatin. Ya riƙe shi kwana huɗu, ya ceto wasu hotuna da wani guntun sauti. Muka saurara tare. Murfin tukunya ne ya faɗi, sai wata kujera da aka ja, ya ƙare daidai inda ya kamata matata ta yi magana. Na sa Auta ta maimaita mini shi har sau tara.

Yanzu wata baƙuwar murya ce ke karanta mini saƙo, mai tsabta, ba ta jan numfashi. Auta kuma duk rubutun da ya faɗo sai ta karanta shi har ƙarshe, leɓenta na motsi. Na roƙe ta ta cire yatsana daga na'urar. Ta ce to, har yau ba ta cire ba.

Jiya muna zaune a baranda, ita da kwamfutar a cinya, sai maƙwabciyarmu tela ta leƙo ta kan katanga da tef a wuya.

"Baban Auta, ina wuni? Wai ina mutuniyata? Kullum ina ɗinki ina jin ta tana karanta maka saƙo, har amsa mata nake yi. Kwana biyu shiru, ko kun rage mata murya ne?"