Uku Na Ce

…uku. Da bakina na ce uku, Malam. Ba wanda ya matsa mini, ba wanda ya ɗaga mini murya. Mutumin meri ne, ofishin magajin gari, Boukari, ya rusuna ya gaishe ni da Mosanci, ya buɗe kayensa, littafin rajistar nan, a kan gwiwa, ya ce tunda za a rushe Zongo, ana rubuta mutanen kowane gida da za a mayar sabon fili. 'Ya'ya nawa, Hajiya? Na ce uku. Mamunatu, Illiya, Bara'atu. Ya rubuta. Ya miƙo tawada, na dangwala.

Ga takardar da ya bar mini. Boko ban yi ba, kai ma ka sani, amma mai goro ba ta ɓata a lamba. Wannan mai ciki biyu, kamar goron da aka ɓare aka jingine – uku ce. Ƙarƙashinta yatsana. Na wanke da sabulu, na goga da toka, shuɗin bai fita ba.

Shi na farin yana bayana fa. Yana bayana lokacin. Durƙushe gaban huhun goro yana yayyafa ruwa a ganyen fita, kamar kullum. Ina jin ƙarar ruwan, tas, tas… da na ce uku sai ta tsaya. Na ji ta tsaya. Ban waiwaya ba.

To me zan ce? Faɗa mini, kai da ka kwanta ka bar ni da amsa tambayar gwamnati. Wace Bahaushiya ce take ƙirga ɗan farinta a gaban baƙo? Wace ce take kama sunansa? Uwata ta mutu ba ta taɓa kiran yayana ba, kuma shi ta fi so, kowa ya sani. Haka muka gada. Idan na ce wa Indabo maƙwabciya uku, huɗu take ji. Duk Zongo sun san a ƙara ɗaya. Shi Boukari ina ya sani? Kaye ba ya ƙara ɗaya… abin da ka ba shi, shi yake riƙewa.

Shekara ashirin da tara. Gemu ya fito masa, har da furfura guda biyu a nan gefe, na gani ban faɗa ba.

Kai ne ka koya masa da yatsu. A zaure, bayan la'asar, ka kama hannunsa mai taushin nan – wata nawa kana yi? Yaran da aka haifa bayansa sun kai izun Tabara, shi yana kan yatsu. "Babban yatsa, Jibrin. Na nuni, Mamunatu. Dogo, Illiya. Na zobe, Bara'atu. Nawa ke nan?" Ya duba yatsun, ya sake dubawa, sannan: huɗu. Ranar ka yanka zabo. Na ce maka zabo saboda huɗu? Ka ce wani ya sauke Alƙur'ani bai sha wahalar da wannan ya sha ba.

Iyakar lissafinsa ke nan a duniya. Huɗu. Abu ɗaya da ya tabbata da shi, ni kuma na…

Ga shi can. Jikin katangar waje, ƙarƙashin jan fentin da suka shafa mana, alamar rushewa. Rana ta dawo kansa bai matsa ba. Na kai masa tuwo bai taɓa ba. Hannunsa a kan cinya, yatsu uku a miƙe, babban ya lanƙwashe shi cikin tafi ya danne da ɗaya hannun, kamar mai tsoron kada ya kuɓuce. Na ce kai, tashi ka shiga inuwa. Ya ɗago. Bai yi kuka ba – da ma kukan ya yi. Ya ce, "Inna, ku tafi. Ni zan tsare gida."

Zai tsare gida. Gidan da katafila za ta…

Ashe yana ji. Duk watannin nan da muke zancen tashi a kansa, muna tsallake shi kamar turmi a tsakar gida – wa aka rubuta, wa ba a rubuta ba, wanda ba ya cikin kaye ba shi da wuri a can sabon filin Waga Dumil – yana ji. Yana ajiyewa. Ni da nake cewa ba a ɓoye mini ƙwaro a cikin goro, abin da ke cikin ɗana ban gani ba.

Shi ne ma mai ganin ƙwaron, in gaskiya za a faɗa. Wa zan yi wa ƙarya, kai ka mutu. Dillalai na cewa Ƙaltume mai ido, Ƙaltume ba a sayar mata da ruɓaɓɓe, in ta ce ba ta saye sai ka biyo ta har bakin titi kana rantsuwa. Ido na wa? Shi ke ɗaukar goro ya jujjuya a kunne, ya sansana, ya ware gefe. In fasa, tsutsa. Bai taɓa kuskure ba. Ni in fita kasuwa da daushe mai kyau in ɗaga hanci, shi in ja masa ƙofa. Ko sau ɗaya na ce aikinsa ne? Ko wa Indabo?

Ƙaninka Gali ya zo ɗazu, labari ya riga ni fita. Ya zauna a kujerarka, ya karanta takardar, ya yi murmushi. Wai Allah ne ya kama bakina. Wai a bar ta haka. Can sabon wuri manyan mutane ne, ministoci, gidajen bene, ba a yawo da irinsa a titi. Akwai wani malami a ƙauye bayan garin Kaya da ke riƙe irinsu, ana ba su rubutu, suna noma, ba sa fita. Ba sa fita… na san me ke hana su fita, na taɓa ganin ƙafar wanda ya dawo.

Ba maganar Gali ce ta kaɗa ni ba. Gali tun kana raye haka yake. Abin da ya kaɗa ni – Malam, rufa mini asiri – da ya faɗa, ƙirjina ya yi sanyi. Numfashi ɗaya. Kamar an sauke mini tulu. Numfashi ɗaya tak, sannan na kore shi da tsintsiya a hannu, amma na ji shi, ya shiga ya fita. Daga ina ya zo? Tun yaushe yake zaune a cikina?

Al'ada ce. Na ce al'ada ce.

Al'ada ta ce kada in kira sunansa. To. Ita ce ta ce ranar bikin Mamunatu in tura shi ɗakin goro in sa sakata har baƙin unguwar Cissin su watse? Hoton yana nan a bango, kowa da kowa, har 'yar aikin Indabo ta shiga. Al'ada ce ta ce in sallah ta zo a ɗinka wa Illiya shadda, shi a rage masa tsohuwar rigarka? Uwata ba ta kiran yayana, amma naman da ya fi tsoka a kwanonsa yake. Ba ta duban fuskarsa a gaban mutane, amma in ya yi tari sai ta kwana… ni fa? Na samu inuwa na fake. Kowa ya ce kai, Ƙaltume akwai kunya, irin matan da. Na karɓi yabon. Na karɓa ina gyara mayafi.

Matar nan ta unguwar Dapoya. Madam Hadiyya, mai mobilet ja, ƙaramin babur ɗin nan. Shekara biyu ke nan, kana kwance lokacin, ba ka san ta zo ba, ban gaya maka ba. Wai suna da lakwal, makaranta ta irinsa, manya da yara, ana koya musu saƙar kujera, yin sabulu, hawa mota su kaɗai, rubuta suna. Wai haƙƙinsa ne, kamar kowa. Na ce haƙƙi? A gidan Malam Saminu za ki koya mana haƙƙi? Na yi mata irin ta kasuwa, na kushe kayanta tun ba ta kwance ba. Ba ta yi fushi ba. Ta ce a kawo takardar haihuwarsa kawai. Ba shi da ita. Ukun suna da ita, ka je meri da kanka saboda lakwal. Shi muka ce me zai yi da takarda… mu biyu muka ce, kada ka juya mini baya a kabari. Sai ta ce, sunansa fa? Na ce tambaye shi, ai yana da baki.

Ta durƙusa gabansa ta tambaye shi. Ya ɗaga mata babban yatsa.

Da ta tafi ya bi ƙurar mobilet ɗin har bakin masallaci. Na aika aka dawo da shi.

Babu shi a meri. Babu shi a lakwal. Babu shi a hoto. Yau na cire shi daga gida, na sa hannu – da wane yatsa ma? Duba. Da babban, nasa.

Boukari ya ce kayen yana farfajiyar lakwal ta unguwa har ƙarfe biyar, daga nan a kai biro, ofishinsu, a buga tampo, hatimin rufewa. Indabo ta je ta tambayo mini. Wai ana gyarawa. Amma tunda ba takarda, sai uwar ta zo da kanta, da shaidu biyu, ta faɗi sunansa a rubuta. Ta faɗa. A layi. Gaban liman, gaban dillalan da na sha wanke su tas, gaban matan da ke nuna ni ga 'ya'yansu suna cewa ku koyi kunya wurin Hajiya. Ga mai shekara hamsin ta zo tana kiran ɗan fari kamar 'yar bariki.

Su faɗa mana. Na taɓa jin tsoron baki? Ni da na tsaya a tasha na sa Bayarabe ya kwance huhu bakwai…

Amma ga ni zaune har yanzu.

An yi kiran la'asar tun ɗazu. Inuwar katanga ta kai bakin rijiya, ƙarfe huɗu ta wuce ke nan. Mayafi na kafaɗa. Takarda na hannu. Ba zan tafi ni kaɗai ba, sai da shi, su gan shi, ya tsaya a layi da tsayinsa da gemunsa. In na ce "kai" zai ce yana tsaron gida. "Kai" kowa ne. Akuya ma kai ce.

Bari in gwada a nan tukuna, ba kowa. Ji… harshena ya yi nauyi kamar na wanda ya tashi daga zazzaɓi. Sau ɗaya na taɓa jin sunan a kusa da bakina, ranar suna, da wanzami ya faɗa na sunkuyar da kai. Jib…

Taku goma ne tsakaninmu. Bayansa nake gani, da wuyan rigarka da ya yi masa yawa.

Ya san sunan a bakinka. Ya san shi a bakin Mamunatu, da yaran layi masu tsokanarsa. A muryata bai taɓa ji ba.

In na kira bai san da shi nake ba fa, Malam?