Kowa da Ƙahonsa

Shugaba Zunilda Arrúa likita ce kafin ta hau mulki, kuma da ta hau ba ta daina ba. Ta kwashe gishiri daga teburan gidajen abinci, ta sa ministoci zuwa ofis a keke, muka tafa mata. Sai ta juyo kan tereré, shayin ganyen nan na ruwan sanyi da muke zagayawa da shi a ƙaho ɗaya. Daga yau kowa da ƙahonsa, kowa da tsinken zuƙarsa, babu zagayawa daga baki zuwa baki. Wanda aka kama, zai yi mako yana sharar dandalin gari. A Paraguay fa. Tari kam ya ragu, ba zan ci haƙƙinta ba.

Babana Eulogio da wansa, Baffa Anacleto, ba sa magana tun ina goye, a kan wani shingen gona da gara ta daɗe da cinyewa. Amma kullum da hantsi sai Baffa ya zo gindin mangwaronmu ya zauna. Baba ya zuba ruwan sanyi a kan ganyen, ya miƙa masa ƙahon yana kallon gefe, shi kuma ya zuƙe ya mayar yana kallon kaji. Iyakar zumuncinsu ke nan.

Da doka ta fara aiki, Baffa ya zo da nasa ƙahon. Suka zauna kowa yana zuƙar nasa, babu abin miƙawa. Bai jima ba ya daina zuwa. Baba ya rame, ya koma yi mana faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ya ba ni tausayi, duk da ni na fi shan faɗan.

Wata safiya ya sa farar rigarsa, ya tafi ofishin 'yan sanda ya kai ƙarar kansa, wai jiya shi da wansa sun sha a ƙaho ɗaya. Kofur ya roƙe shi ya koma gida, ya ƙi. Dole aka kira Baffa, aka tambaye shi ko gaskiya ne. Ya daɗe yana kallon rufin ɗakin, sannan ya ce an yi.

Washegari na kai musu tsintsiya dandali. Suka fara shara, baya da baya.

"Eulogio," in ji Baffa, "ƙarya ka yi mini."

"Ai kai ma ka amsa, Yaya."

Baffa ya waiwayo ya dubi hannunsa.

"Gyara riƙon tsintsiyar nan. Tun kana yaro ba ka iya shara ba."