Tsohuwar da ke Kwaikwayon Tafiya

Safara'u 'yar Damagaram ce, tana karatun haɗa magunguna a Lyon, tana zaune a wani dogon bene a unguwar Vénissieux da ke gefen birnin. A shekarar 2012 ta yi sabuwar maƙwabciya, wata tsohuwar Baturiya da tafiyarta ta ɗaure mata kai. Yau ta fito tana ɗingishi, gobe ta wuce a miƙe kamar soja.

Wata safiya a hanyar tashar tram, jirgin ƙasan cikin gari, Safara'u ta waiwaya, sai ga tsohuwar a bayanta, wuya a miƙe, tana taku irin nata sak.

"Madam, ni kike kwaikwayo?"

Tsohuwar ta yi dariya, ko kunya babu. "'Yata, kina tafiya kamar da kaya a kanki. Me kika saba ɗauka?"

"Tulu, ina yarinya."

"Na ko sani!"

Sunanta Jadwiga, mutuniyar Poland. Da yamma ta kira Safara'u shan shayi, ita kuwa ta yi ta jero tambayoyi. Ashe a birnin Krakow na ƙasarsu ta yi ƙuruciyarta a dandalin wasan kwaikwayo, ta fito a finafinai har ana tsayar da ita a kasuwa. Da ta zo Paris neman sabon aiki, sai aka ce Faransancinta ya yi nauyi. Aka riƙa sa ta fitowa a matsayin tsohuwa marar magana, ko gawa.

"Na mutu a fim har na ƙware," in ji ta. "Tunda sun hana ni baki, sai na koma nazarin ƙafafun mutane."

Da bazara aka kira ta Paris, wannan karon da magana: za ta fito a uwa tana yi wa 'yarta faɗa da yaren Poland. Safara'u ta raka ta, ta rakuɓe bayan masu ɗaukar hoto. Da Jadwiga ta buɗe baki, wata murya ta fito wadda Safara'u ba ta taɓa ji ba. Yarinyar da ke wasan 'yar ta fashe da kuka na gaske.

A jirgin komawa Lyon, Safara'u ta kasa haƙuri.

"Kaka, don Allah me kika ce mata?"

"Na manta abin da suka rubuta," in ji Jadwiga, tana ɓare lemo. "Sai na koya mata yadda uwata ke miyar kabeji. Duk cikinsu babu mai jin yaren."