An Toshe Matakalar Baya

A kan benci, bakin garejin gidan Direba aka ƙulla yarjejeniyar, da la'asar, kowa da kofin shayi a hannu.

"Ka ɗauki gidan gona, ka ɗauki makaranta, ka haɗa da kurkuku," in ji Direba. "Duk inda muka shiga cikin ukun nan kai ne gaba, ni ɗan rakiya. Amma Tsohon Otal nawa ne. In mun shiga, ka ja bakinka ka yi shiru."

Magini ya kurɓi shayi, ya dube shi ta saman tabarau. "Uku a bakin ɗaya? Suruki, me ka binne a otal ɗin nan?"

"Shekara biyu na binne. Ka yarda ko ba ka yarda ba?"

Suka tafa.

Wasan da ake wannan rabo a kansa na farautar fatalwa ne, a kwamfuta. Mutane kan shiga kangon gida da tocila da na'urar auna sanyi, su gano irin fatalwar da ke ciki, su fita da ransu. Wanda ta kama, masu rai sun daina jin muryarsa har a tashi, sai dai ya yi hira da matattu 'yan'uwansa. Auta ce ta saka wa Direba wasan, 'yarsa ta ƙarshe, nas a wani gari mai nisa inda aure ya kai ta. A waya hirarsu ba ta wuce ya aiki, ya jiki, a gai da Mama. Amma ran Lahadi bayan azahar, in suka sa abin ji a kunne suka shiga otal, sai ta koma yarinyar da ke riƙe masa gefen riga a kasuwa. "Baba, ina zan bi? Baba, tana bayana!"

Wata biyu da suka wuce ta jawo uban mijinta, Magini, cikin wasan, wai zaman gida ya ishe shi tun da ya ajiye aikin gini. Tun ranar kishi ya kama Direba. Shi ya sa ya yi wayon nan, don ya lura a wasa biyar, huɗu otal Auta ke zaɓa. Otal kuwa ya san shi kamar hanyar da ya yi shekara talatin da biyar yana bi da tirela. Har ya zana shi a bayan kwalin firji: akwatin wuta a bayan teburin karɓar baƙi, matakalar baya, kwabar kaya a ɗaki na goma sha biyu inda mutum biyu ke ɓuya.

Ran Juma'a wasan ya fito da doguwar sanarwa cewa an yi wa otal gyara. Direba ya danna ta wuce.

"Ba ka karanta ba," in ji matarsa, tana ninke wanki a bayansa.

"Tsohon direba ba ya karanta allon gefen titi. Fenti suka shafa."

Ran Lahadi suna tura ƙofar otal ya ga ba fenti ba ne. Teburin karɓar baƙi ya koma hagu. Inda ya san ɗakin cin abinci, kicin ya tarar, da tukwane a rataye. Ya zagaya bayan tebur zai kunna wuta, babu akwati, sai hoton wani mai gashin baki yana kallonsa.

"Baba, duhu fa," in ji Auta.

"Ki bari, yanzun nan."

Ya yi ta lalube, yana kallon kwali yana kallon allo. Magini ya yi gyaran murya, ya kuma yi. Sai Auta ta ce wa Magini, cikin muryar nan da Direba ya ɗauka tasa ce shi kaɗai: "Abba, kai me ka gani?"

"Ni an hana ni magana, 'yata. Amma da ba a hana ni ba, da na ce a ɗaga tocila. Bututun waya ne can a silin, duk sun nufi bayan kicin. Waya ba ta yawon banza."

Akwatin yana can kuwa. Wuta ta kama, Auta ta yi shewa. "Kai, Abba! Ashe da injiniya muke tafe!"

Abin ya ƙona wa Direba rai. Shekara biyu yana fitar da yarinyar nan daga bakin mutuwa, ko sau ɗaya ba ta ce masa injiniya ba. Mai kwaɓa siminti ya zo jiya jiya, ya kalli silin, an ba shi sarauta.

Ana cikin haka fitilu suka fara ƙiftawa, ƙofar waje ta rufe garam. Fatalwa ta fito farauta.

"Ƙarƙashin babban bene!" Magini ya ɗaga murya. "Ba maginin da zai bar wurin nan a banza, dole akwai sito!"

"Mun yi da kai ko ba mu yi ba?" Direba ya daka tsawa. "Auta, biyo ni! Matakalar baya, ɗaki na sha biyu!"

Ta ɗan tsaya, ya ga tocilarta ta waiga wajen bene. Sannan ta bi ubanta.

Ya sha kwanar farko ba tare da ya duba ba, ya sha ta biyu, yatsunsa na tafiya da kansu. Ya miƙe dogon lungun nan da ke kaiwa matakala. A ƙarshensa bango ne, sabon bulo, ko filasta ba a yi masa ba.

"Baba, ina matakalar?"

Ita ce a baya, ita fatalwar ta fara tararwa. Ƙara ɗaya ta yi, muryarta ta yanke. Daga can Magini ya shiga kunna tocila yana kashewa, yana ihu, "Zo nan, mummuna, ga tsoho mai nama!" Fatalwar ta juya kansa. Shi ma shiru. Direba ya ruga ba ya ko gani, ya faɗa wata 'yar ƙofa ya ja. Da ya haska, tsintsiya ce da bokitai. Sito ne, ƙarƙashin bene.

Babu mai magana a kunnensa yanzu. Sai fankar ɗakinsa, da ƙarar cokula daga kicin ɗin matarsa. Yana iya fita daga wasan kowa ya dawo, amma fita amsa laifi ne, gobe a ce otal ma ya fi ƙarfinsa. Ya ture kwalin da ƙafa. Minti ashirin ya yi shi kaɗai yana bin ɗaki ɗaki a hankali, kamar sabon ɗan koyo, har da kallon silin. Ya gano ɗakin da ya fi sanyi, ya gano irin fatalwar, ya fita da ransa.

Muryoyi suka dawo a tsakiyar dariya. Auta har tana tari.

"...sai na ce masa, Alhaji, in ka sa masai a nan, baƙonka zai riƙa gaishe ka daga ciki!" Magini ke ƙarasa wani labari.

"Na fito," in ji Direba. "Ni kaɗai. Na gama aikin."

"Sannu, Baba, ka yi ƙoƙari," ta ce, tana share dariya. "Wallahi mutuwar nan ta yi daɗi."

"Suruki, barka da arziki biyu," in ji Magini. "Ashe 'yarmu ta ci jarrabawa, an ba ta shugabancin ɗakin haihuwa!"

Direba ya gyara zaman abin kunnensa.

"Na so sai mun fito in yi maka albishir, Baba. Da na ga ka daɗe, bakina ya kasa riƙewa."

"Madalla," ya ce. "Allah ya sa albarka." Murya ta fito masa kamar ta mai amsa gaisuwar maƙwabci.

"Mako mai zuwa mu gwada kurkuku," in ji ta. "Otal ɗin nan ya zama wani iri. Abba, kai ne gaba ko?"

Da ya cire abin kunne, matarsa na tsaye a bakin ƙofa. Ta dubi kwalin da ke yashe a ƙasa. "In ka gama da shi, ina so in shimfiɗa a ƙarƙashin buhun gawayi."

To, ga yadda rabon ya tashi. Magini ya tafi da gidan gona da makaranta da kurkuku, ya haɗa da albishir da dariyar minti ashirin, bai kuwa rasa komai ba sai ransa na cikin wasa. Matar gida ta sami kwali. Direba ya riƙe otal ɗinsa, ba mai ja da shi, sai dai babu wanda ya sake cewa a shiga.